Layi ɗaya ko layi biyu: ina iyakar gaskiyar gwajin gaggawa na maleriya?

A ƙananan asibitoci da kantunan magani na unguwannin Nima, Mamobi da Madina a Accra, babban birnin Ghana, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa. An soki yatsan yaro, an ɗiga jini a kan 'yar robar gwaji, an jira minti 15, layi ɗaya ya fito. Nas ta ce, "Hajiya, ba maleriya ba ce." Hajiya ta dafa goshin jikanta ta ji shi zau, ta ce, "'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake jinyar yara. Abin naku ne dai bai gani ba." Kafin magariba an sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a wani kanti, an fara ɗura wa yaro.

Akwai inda robar take kuskure, kuma za mu bi wuraren ɗaya bayan ɗaya. Sai dai abin da bincike ya nuna ya saɓa wa zaton yawancinmu: a gari irin Accra, idan gwajin ya ce babu, galibi babu ɗin ne. Wurin da ya fi ruɗar da mutane shi ne inda ya ce akwai, kuma nan ne kowa yake karɓa ba tare da tambaya ba.

A fara da abin da robar take nema. Ba ta ganin ƙwayar cutar da kanta. Ƙwayar maleriya idan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fitar da wasu sinadarai irin na furotin, su ne gwajin yake farauta. Mafi shahara a cikinsu ana kiransa HRP2, kuma nau'in ƙwaya guda ne kawai yake yin sa, wato falsifarum, wanda ya fi kisa, wanda kuma shi ne ke haddasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na maleriyar Ghana. Akwai wani sinadarin mai suna pLDH da duk nau'o'in ƙwayar suke fitarwa. A cikin robar akwai siririyar takarda da aka shafa wa abin da ke cafke sinadarin. Ana sa jini kaɗan, kimanin maikirolita 5, wanda bai kai cikakken ɗigo ba, a bi shi da ruwan gwajin da ya zo cikin kwalin, ruwan ya ja jinin ya bi takardar. In sinadarin yana nan, layi ya bayyana a gefen harafin T. Layin da ke gefen harafin C shaida ce kawai cewa robar ta yi aiki. In shi bai fito ba, gwajin ya lalace, ko da ɗayan ya fito, sai a ɗauko sabuwa. Layin T kuwa, komai dusashewarsa, in dai ido ya gan shi cikin lokacin da aka ƙayyade, akwai ake cewa.

Ke nan tambaya ɗaya tak robar take amsawa: shin akwai wannan sinadari a cikin wannan jini? Ba ta faɗin yawan ƙwayoyin, ba ta faɗin ko suna raye ko sun mutu, ba ta kuma faɗin ko su ne suka kawo zazzaɓin yau. Kusan duk rikicin da ake yi da ita daga nan ya samo asali, ana ɗora mata tambayoyin da ba a gina ta don su ba.

A da can, duk mai zafin jiki maleriya ake ɗauka yana da ita, a ba shi kulorokwin ya tafi. Maganin yana da araha, ba a ganin asara. Da ƙwayar ta daina jin kulorokwin, Ghana ta sauya manufa a 2004 zuwa magungunan haɗi masu atemisinin, waɗanda suka fi tsada, kuma ba a son a yi wasa da su. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba da maganin maleriya bisa zato, a gwada jini tukuna, da madubin likita ko da gwajin gaggawa. A 2012 ta fito da tsarin nan na gwada, ba da magani, bi sawu. A 2008 kuma ta fara tattara robobin kamfanoni daban-daban tana jarraba su a ɗakin bincike. Sharaɗin da ta gindaya kafin ta ce a sayi wani samfuri shi ne ya gano aƙalla kashi 75 cikin ɗari na samfuran jini masu ƙarancin ƙwaya, wato ƙwaya 200 a maikirolita ɗaya, kada ƙaryar "akwai" ta kai kashi 10, kada kuma waɗanda ke lalacewa su kai kashi 5. Kada kashi 75 ɗin nan ya tsorata mai karatu: a kan jini mai wuyar ganewa aka auna shi. Yaron da maleriya ta kwantar yawanci dubbai yake ɗauke da su a maikirolita, ba ɗaruruwa ba, a nan kuwa robobi masu inganci ba kasafai suke kuskure ba.

Wani babban nazari na ƙungiyar Cochrane da ya fito a 2011 ya haɗa sakamakon bincike masu yawa da aka yi a ƙasashen da cutar ta yi katutu. Ya samu cewa gwajin HRP2 yana gano kimanin 95 cikin kowane mutum 100 masu falsifarum, yana kuma wanke kimanin 95 cikin 100 marasa ita. Na pLDH ya ɗan gaza wajen ganowa, kimanin 93, amma ya fi iya wanke marar cutar, sama da 98.

Waɗannan alƙaluma ba su da ma'ana sai an ɗora su a kan gari. Mu yi lissafin misali. A ce mutum 1,000 masu zazzaɓi sun zo wani asibiti, 100 daga cikinsu ne ke da maleriya da gaske. Robar za ta kama 95, biyar su kuɓuce mata. Cikin 900 da ba su da ita, za ta wanke 855, ta ɗora wa 45 laifin da ba nasu ba. Yanzu a duba daga ɓangaren majiyyaci. Waɗanda aka ce musu babu su 860 ne, biyar kacal aka yi wa kuskure, bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Waɗanda aka ce musu akwai su 140 ne, 45 a cikinsu ba su da ita, kusan ɗaya cikin uku. A sake lissafin a wani ƙauye da damina, inda 500 cikin 1,000 ke da cutar: waɗanda suka kuɓuce sun zama 25, waɗanda aka yi wa ƙage su ma 25. Roba iri ɗaya, kwali ɗaya, amma nauyin amsarta ya bambanta gwargwadon yawan cutar a wurin.

Accra ta fi kusa da misalin farko. Binciken ƙasa na 2019 ya samu ƙwayar maleriya a jinin kimanin kashi 14 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a faɗin Ghana, amma a yankin Greater Accra bai kai kashi 3 ba. A 2022 adadin ƙasa ya sauka ƙasa da kashi 9. Wanda yake kwana kusa da babbar kwatar Nima yana jin kukan sauro har asuba zai yi wuya ya yarda da wannan, amma yawancin sauron ƙazamar kwata ba shi ne mai ɗauke da maleriya ba. Mai ɗauke da ita ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da ya kwanta a rana, irin na kududdufin damina da fadamun lambu. Wannan bai ce babu maleriya a birni ba. Akwai ta, kuma mutanenmu matafiya ne: mai zuwa Tamale saro doya, mai zuwa Bawku biki, mai kai yara hutu ƙauye. Duk wanda ya dawo daga tafiya da zazzaɓi ya faɗa wa mai gwajin, don lissafinsa ba irin na wanda bai fita daga Mamobi ba ne.

Sai batun layi biyu, wanda nake ganin an fi sakaci da shi. HRP2 ba ya barin jini da wuri. Mutum zai sha magani cikakke na kwana uku, ƙwayoyin su mutu kakaf, amma sinadarin ya ci gaba da yawo a jikinsa sati biyu, sati uku, wani lokaci fiye da wata guda, musamman in cutar ta yi yawa tun farko. Wuta ta mutu, toka tana nan, robar kuwa toka take gani. Shi ya sa a binciken ƙasa kullum adadin gwajin gaggawa yake ɗara na madubi: a 2014 robar ta ba da kashi 36, madubi ya ba da 27, a 2019 robar 23, madubi 14. Yara guda ne aka gwada ta hanya biyu. Wani ɓangare na tazarar ƙwayoyin da madubi bai hango ba ne, amma babban ɓangare yaran da suka riga suka warke ne.

Ga yadda abin yake cutarwa a aikace. Yaro ya yi maleriya farkon wata, an yi magani, ya miƙe. Bayan kwana goma sha wani abu zazzaɓi ya dawo, wannan karon ciwon kunne ne ko ciwon huhu. Aka gwada, layi biyu. Uwa ta ce maganin farko jabu ne, mai kanti ya canza mata wani, ainihin ciwon kuma yana can yana ci. Saboda haka ba a amfani da robar HRP2 don a tabbatar ko mutum ya warke, kuma wanda ya sha maganin maleriya cikin makonnin da suka wuce, in zazzaɓi ya dawo, jininsa ya kamata a shimfiɗa a gilashi a duba da madubi. Madubin ne zai nuna ko ƙwaya tana nan da ranta, ya kuma ƙirga ta.

Akwai kuma manyan da suka tashi a inda cutar take da yawa, jikinsu ya saba, suna yawo da 'yan ƙwayoyi ba tare da ciwo ba. Irin wannan in mura mai zafi ko ciwon mafitsara ya kama shi, gwaji zai ce akwai, kuma bai yi ƙarya ba. A ba shi maganin maleriya, daidai ne. Kuskuren shi ne a rufe littafi a nan, a ƙi duba sauran jikinsa. A wasu 'yan lokuta ma wani sinadari da ke jinin masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi yakan sa layi ya fito alhali babu ƙwaya ko ɗaya.

To yaushe ne Hajiya take da gaskiya, robar ta ce babu alhali akwai?

Na farko, in ƙwayoyin ba su yi yawa ba tukuna. Ƙasa da ƙwaya 100 zuwa 200 a maikirolita, idon robar ya fara rauni. Wanda aka gwada sa'o'i kaɗan da fara zazzaɓi, musamman ƙaramin yaro ko wanda ya daɗe a ƙasar waje jikinsa ya manta cutar, zai iya samun layi ɗaya yau, gobe ya samu biyu. Maganin wannan shi ne a sake gwaji in zazzaɓi ya ƙi sauka, ba a sha magani bisa zato ba. Sannan akwai wasu nau'o'in ƙwayar maleriya masu suna malariye da obale, waɗanda ake samu jefi-jefi a Ghana. Robar da aka yi don falsifarum kaɗai ba za ta gan su ba. Akwai ma wani abin mamaki da ba kasafai yake faruwa ba: in sinadarin ya yi mugun yawa a jini, yakan cika wa robar ciki har layin ya fito a dusashe ko ya ƙi fitowa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa likita ba ya sallamar mai tsananin ciwo don kawai layi ɗaya ya fito.

Mafi yawan kuskure kuwa daga hannu ne da ma'aji. Yawancin robobin nan an rubuta a kwalinsu kada zafi ya wuce digiri 30, wasu 40. A tuna da kantin kwano ko kwantena a Accra a watan Maris da rana tsaka, ko kwalin da ya wuni a bayan mota. Laima ma tana ɓata su, shi ya sa kowace take cikin ledarta a rufe, ba a kuma yage ledar sai lokacin amfani. Jini in ya yi yawa yakan rine takardar ya ɓoye layi. Ruwan gwajin wani kwali ba ya aiki a robar wani kamfani, ruwan famfo ko na leda kuwa ɓarna ne tsantsa. A karanta kafin lokaci, layin bai gama fitowa ba. A bar ta awa guda a kan tebur, wani layin bogi ya iya bayyana. Ga kwanan watan lalacewa da ba kowa ke dubawa ba. Duk wannan majiyyaci yana da ikon sa ido a kai: a buɗe ledar a gabansa, a duba agogo, a nuna masa layukan a wuri mai haske.

Masu cewa "ni dai a duba min da madubi" suna da hujja, amma madubi ma ba waliyyi ba ne. Ƙwararren ma'aikaci mai kayan rini masu kyau da isasshen lokaci zai gano ƙwaya ƙasa da abin da roba ke iyawa. Ma'aikacin da gilasai suka taru a gabansa, rini ya tsufa, wuta tana ɗaukewa, zai iya ɗaukar datti a matsayin ƙwaya ya rubuta alamar tarawa guda, wadda mutane suka saba gani a takardar sakamako. Bugu da ƙari, falsifarum tana da ɗabi'ar maƙalewa a jikin ƙananan jijiyoyin jini na wani ɓangare na rayuwarta, a mace mai ciki kuma takan taru a mabiyiya, ta yadda jinin yatsa zai fito kamar babu komai a madubi alhali sinadarin yana yawo, roba ta kama shi. Gwajin da ya fi su duka kaifi shi ne na ƙwayar halitta, PCR, amma wannan na ɗakunan bincike ne irin na Cibiyar Noguchi da ke Legon, ba na mai zazzaɓi da ke jiran amsa yau ba.

Ba nesa da Accra aka yi binciken da ya fi bayyana inda matsalar take ba. A tsohuwar gundumar Dangme ta Yamma, wajen Dodowa, Dakta Evelyn Ansah da abokan aikinta sun gwada abin da ke faruwa in an kai robobin nan asibitocin karkara, aka buga sakamakon a mujallar BMJ a 2010. A inda babu madubi, ana aiki da zato, kimanin kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ba su da maleriya an ba su maganinta. Da aka kawo gwajin gaggawa adadin ya sauka zuwa kimanin 54. Ci gaba ne, amma a lura: fiye da rabin marasa cutar har yanzu an rubuta musu maganin, kuma ma'aikatan lafiya ne suka rubuta. Ashe ba Hajiya kaɗai ke shakkar layi ɗaya ba. A 2015 suka buga wani binciken da aka yi a kantunan magani na gundumar: inda aka koya wa masu kanti yin gwajin, kashi 32 na marasa cutar ne suka tafi da maganin maleriya, inda ba a yi ba kuwa kashi 88.

Ana iya fahimtar ma'aikacin. Ya san maleriya tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, ga uwa ta biya kuɗin mota ta bar sana'arta, ba ta son a ce mata ta koma da farasitamol kawai. Rubuta maganin ya fi sauƙi a kan zama a binciki kunne, maƙogwaro, ƙirji da fitsari. Amma farashin wannan sauƙi yana da yawa. Ciwon huhu, ciwon mafitsara, taifot na gaskiya, sanƙarau, duk da zazzaɓi suke farawa, kuma maganin maleriya ba ya taɓa ko ɗaya a cikinsu. A 2024 hukumar lafiya ta Ghana ta tabbatar da ɓullar zazzaɓin dengi a Yankin Gabas, ciwon da a kwanakin farko ba a rarrabe shi da maleriya da ido. Na ce taifot na gaskiya ne saboda wata al'ada da ta zama ruwan dare: in maleriya ta ce babu, sai a yi gwajin Widal a ce taifot ne, alhali shi wannan gwajin in an yi shi sau ɗaya rauninsa ya fi na robar maleriya nesa ba kusa ba. An gudu daga zato an faɗa wani zaton. Sannan ga batun kare maganin kansa: an riga an tabbatar da ƙwayoyin da suka fara jure wa atemisinin a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya, kuma mun ga yadda aka yi asarar kulorokwin.

Wani abu guda ba ya jiran gardamar layi. Yaron da ke taune-taune, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya kasa kama nono, ko ya yi lakwas ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa yake sama-sama, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, babban asibiti za a nufa da shi nan take, ko me robar ta nuna. A irin wannan hali likitoci sukan fara maganin maleriya mai tsanani da na ƙwayoyin bakteriya tare, suna maimaita gwajin jini.

Saura wata barazana wadda ba laifin hannu ba ce, ba ta ma'aji ba. A 2010 masu bincike suka ba da rahoton cewa a yankin Amazon na ƙasar Peru akwai falsifarum da ta rasa ƙwayar halittar da ke yin HRP2 gaba ɗaya. Tana sa ciwo kamar kowace, amma ba ta barin alamar da robar ke nema. Wani lokaci ɗan'uwan sinadarin, HRP3, yakan ceci gwajin in ƙwayoyin suna da yawa, amma akwai waɗanda suka rasa duka biyun. A 2016 abin ya bayyana da ƙarfi a Eritiriya, har ƙasar ta bar robobin HRP2, daga baya aka same shi da yawa a Habasha da Jibuti. Yadda yake yaɗuwa a fili yake: inda ake gwaji kafin magani, ƙwayar da gwaji ke gani ita ake kashewa, wadda ba a gani ta tsira ta hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: in irin waɗannan ƙwayoyi suka sa gwaji ya kuskure fiye da kashi 5 cikin ɗari na masu ciwon, ƙasa ta sauya zuwa robar da ba ta dogara da HRP2 kaɗai ba. An samu rahotannin irin wannan ƙwaya a samfuran jini daga Ghana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, shi ya sa sa ido ya zama dole, amma inda aka tabbatar abin ya yi ƙamari har ya tilasta sauya gwaji a wannan nahiya shi ne yankin ƙahon Afirka. Sauyin ma ba kyauta ba ne, domin robobin pLDH da aka daɗe ana amfani da su sun fi rauni a jini mai ƙarancin ƙwaya, wasunsu kuma ba sa jure zafi kamar na HRP2. Hanyar da ake fara gano matsalar ita ce ma'aikaci ya ga majiyyacin da robarsa ta ce babu amma madubi ya nuna falsifarum a fili, ya adana jinin, ya kai rahoto ga shirin ƙasa na kawar da maleriya. In an ba majiyyacin magani bisa zato ba tare da an shimfiɗa jininsa a gilashi ba, wannan shaidar ba za ta taɓa isa Legon ba.